Goron da Na Ci a Djougou

Shekara tara na yi ina buga takardu a wata meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, a kan hanyar Parakou zuwa Djougou. Daga unguwarmu Guéma, a Parakou, nake tashi ran Litinin, in koma gida Juma'a. Sau ɗaya tak na ga an mari mutum a ofis, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Palanto ɗinmu aka mara, dattijon da ke kai takardu daga ɗaki zuwa ɗaki. Baba muke ce masa. Ya kai dosiye, wato fayil, inda ba a aike shi ba, sai shef, shugaban sashenmu, wanda bai wuce sa'an ɗansa ba, ya tashi ya wanke shi da mari. Hular Baba ta gangara ƙarƙashin teburina. Da na ɗauko zan miƙa masa, sai na ga jini yana sauka daga kunnensa na hagu.

Mu biyar muka gani. Nan take huɗu suka makance. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami. Na buga rahoto shafi biyu, na sa hannu, na miƙa. Abu ɗaya nake nema: a rubuta cewa a bakin aiki kunnen ya lalace, don a tura shi wurin likitan kunne a Parakou. In babu wannan takarda, babu mai duba shi.

Aka ce mai bincike zai zo bayan mako uku. Baba ya tafi jinya gidansu a Djougou. Na san halinsa, ko kaza ta taka shi, shi zai ba ta haƙuri, don haka ran Asabar na bi shi in ƙarfafa masa gwiwa.

Gidansu tsohon gidan fataken goro ne. Yayansa, Alhajin da ke riƙe da gidan, shi ya tare ni a zaure, tare da wasu dattawa biyu. Aka kawo ruwa. Ya ɗauki farin goro daga faranti, ya ɓara, ya miƙo mini ɓari. Wa ke mayar da hannun dattijo? Na karɓa hannu biyu, na ciza, sannan na shiga zayyana abin da ya kawo ni. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"'Yata, ai magana ta mutu tun shekaranjiya," in ji shi. "Shef ɗinku ya zo da liman da mai unguwa, da huhun goro guda. Ya durƙusa a nan inda kike. Mun karɓa, mun raba wa dangi. Wanda ke bakinki ma daga ciki yake."

Na rasa yadda zan yi, in tofar ko in haɗiye. Dattawa uku suna kallona. Na haɗiye.

Baba yana gefe, auduga a kunne, kansa a ƙasa. Na ce, "Baba, kai ka yafe?"

"Yaya ya karɓa, 'yata. Ni wane ne?"

Ranar da mai binciken ya zo, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikina suka ce takarda suke dubawa a lokacin. Baba ya ce mura ce ta toshe masa kunne. Ni na faɗi komai, har da hular. Mutumin bai katse ni ba, kuma na ga alamar ya yarda da ni. Sai ya rufe alƙalaminsa.

"Madam, an ce ke ma kin ci goron sulhun, a gaban shaidu."

"Ban san na sulhu ba ne!"

"Amma kin ci?"

Na ce na ci. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "C'est réglé, magana ta ƙare. Mai abu ya ce babu, mai shaida ta ci goro. Me zan rubuta?"

Na fita bayan ofis na yi kuka, na takaici zalla. Washegari aka ajiye mini takardar rufe dosiye, da yake ni ce mai bugawa, na buga ta da yatsuna.

Shef yana nan a kujerarsa. Baba ya dawo aiki, bai taɓa ganin likitan ba. Da safe in na shigo ta hagunsa na ce masa ina kwana, ba ya juyowa. Sai in zagaya.