Gangaren Da Ban Tsaya Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kwana a cikin mota. Sana'ata gyaran keken ɗinki, wurin mahaifina na gaje ta, kuma sana'a ce da ba ta yarda da zama wuri ɗaya, don tela ba ya ɗauko kekensa ya biyo ka, kai ne za ka bi shi. Shi ya sa da na samu wata tsohuwar bas na cire kujerun baya, kafinta ya buga mini katako, na shimfiɗa katifa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma na jera akwatunan kayan aiki. Akwai risho, da buta, da jarkar ruwa, da ƙusa uku na rataye riguna, da labulen da matata ta ɗinka mini. Iyalina suna Anka. In na fita sai in yi Bukkuyum, in wuce Gummi, in bi ƙananan kasuwannin da ke tsakani, bayan kwana biyar ko shida in dawo gida. Teloli suna ce wa motar ɗakin mai keke.

A da ban san ana tunanin mai ba. In shiga gidan mai a cika tanki, in kama hanya. Da aka cire tallafin mai sai abin ya juye mini. Abin da a da yake kai ni Gummi ya dawo da ni, yanzu ko rabin hanya ba ya kai ni. Teloli su ma ɗinki ya ja baya, wanda za ka gyara wa keke uku sai ya ce a taɓa ɗaya kawai, sauran su jira sallah.

Sai na koyi tattali. Na rage kayan da nake ɗauka, na bar manyan ƙarafa a gida. Jarkar ruwa rabi nake cikawa. Kullum da safe sai na zagaya na daddanna tayoyi, don wani bakanike a Gummi ya ce mini taya mai ƙarancin iska tana shan mai kamar raƙumi. Na daina taka totur da ƙarfi. In na zo gangare kuma sai in cire giya in sa motar a firi, in kashe inji, in bar ta ta sulale da kanta, sai ta kusa rasa gudu in jefa mata giya ta tashi. Bakaniken ya ce wannan ganganci ne, birki na iya ƙi. Na ji shi, ban bari ba. Har daɗin abin nake ji, kamar na ci riba a kan wani.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye ta wajen Gwashi, ƙawar Innata ce tun suna amare. Gwaggo nake ce mata. Tana da keken hannu, irin wanda ake juyawa, da shi take ɗinka rigunan jarirai da facin zannuwan matan ƙauyen. Tun Inna tana da rai nake ratsawa in duba mata shi, kuma bayan Inna ta rasu ban daina ba. Ba na karɓar komai. Ita kuma sai ta dama mini fura, ta zauna tana kallon hannuna, tana ba ni labarin yadda ita da Inna suka taɓa ɓata a dawa sun je itace. Labarin ɗaya ne kullum, amma ba wanda ya rage a duniya da zai faɗi sunan Inna yana dariya sai ita.

Sai dai hanyar ƙauyen ba kwalta ba ce. Daga mararraba ka sauka, yashi ne da kwazazzabai, a giya ɗaya ake tafiya, kuma ba abin da ke ƙona mai kamar wannan. Da farko na ce zan riƙa shiga bayan kowace tafiya biyu. Daga baya ya zama uku. Daga nan na daina ƙirgawa.

A mararrabar akwai wani mutum mai sayar da mai a galan, ƙarƙashin itacen bedi. Wata rana na tsaya in sayi lita biyu, ya ce mini, "Mai keke, tsohuwarka ta aiko. Ta ce keke ya ƙi."

Na ce, "Ka ce mata ina nan tafe."

Ban je ba. Na ce a raina sai zagaye na gaba.

Zagaye na gaba ya zo cikin damina, da hantsi, na fito daga Bukkuyum. Kafin mararrabar akwai wani dogon gangare, wanda na fi so duk hanyar, don in na kashe inji tun daga sama yakan kai ni har bayan gada. Na kashe. Motar ta yi tsit, ba abin da ake ji sai kukan taya a kwalta.

Tun daga nesa na hange ta. Tana tsaye a bakin hanya, nesa kaɗan da bedin, ta naɗe kan keken a tsohon zane ta ajiye shi kusa da ƙafarta. Ta ba ni baya, tana kallon wajen Gummi, ta zaci ta can zan ɓullo. Kuma ba ta ji motar ba, don babu abin da za a ji.

Ƙafata ta je kan birki. Wannan na tabbata. Amma kafin in taka, kaina ya riga ya yi lissafi. In na tsaya, gangaren ya tafi a banza. Batir ɗina ba shi da ƙarfi, sai an tura. Kuma in na gyara keken ba zan bar tsohuwa ta koma da ƙafa da wannan ƙarfe a ka ba, dole in kai ta har gida, in shiga yashin nan in fito. Man da ke tankin na Gummi ne daidai. Duk wannan ya wuce cikin kaina kafin ƙiftawar ido, sai na ɗauke ƙafata.

Na wuce ta. A madubi na ga iskar motar ta kaɗa mata mayafi, ta juyo, ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga shi sama sosai ba, iyakar kafaɗa. Ina kallonta tana ƙanƙancewa har na hau gada, na jefa giya, inji ya tashi.

A Gummi na yi aiki kamar kullum. Na ce wa kaina in na dawo zan shiga, in kai mata sabulu da goro, in ce ban lura ba. Da zan dawo kuma sai na samu aiki ta wata hanyar, na bi can. Kwana goma sha biyu suka wuce kafin in sake zuwa mararrabar.

Mai galan yana ganina ya tashi, ya shiga bayan rumfarsa, ya fito da ƙullin zanen nan ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Sai haƙuri. Tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana huɗu."

Na ce, "Mi ya same ta?"

Ya ce ranar nan ta zauna har azahar. Ya ce mata, Gwaggo, motar fa ta wuce. Ta ce masa, "Bai gan ni ba. Da ya gan ni da ya tsaya." Sai ta bar masa keken ta ce ya ba ni in na zo, ta kama hanya da ƙafa. Ruwa ya tare ta a tsakiyar dawa. Ta isa gida da zazzaɓi, ba ta ƙara tashi ba.

A nan bakin hanya na kwance zanen. Zare ne ya cushe a ƙasa, da wani ɗan sukuru da ya saki. Na cire, na ɗaure, na ɗiga mai, na juya. Ya tashi sumul. Duka aikin bai kai tsawon alwala ba.

Na shiga ƙauyen na yi ta'aziyya, na miƙa wa ɗiyarta keken. Ta yi ta godiya, tana sa mini albarka. Na karɓi albarkar na fito ban faɗa mata abin da na yi ba.

Daga ranar ban ƙara kashe inji a gangare ba, ba don tsoron birki ba. Shirun ne ba na iya zama a cikinsa. Da motar ta yi tsit sai in ji kamar ana juya keken hannu a bayana, tsakanin akwatuna, a hankali. Na sauke kayan kaf na duba, ba abin da ke motsi. Ko a gida ne, in na ga tsohuwa tsaye ta ba ni baya sai in tsaya in jira ta juyo.

Na je wurin wani malami a Anka, abokin mahaifina, na faɗa masa duka. Ya ce, "Ajali ba ya jiran mota, wannan ka cire shi daga ranka. Amma wucewar da ka yi taka ce. Ka nemi gafara, ka yi mata sadaka, kuma ka je ka faɗa wa masu ita."

Sai da lokacin kaka ya zagayo na iya zuwa. Na samu ɗiyar a tsakar gida tana ɗinki da keken. Na durƙusa na ce, "Yaya, akwai maganar da na ɓoye. Ranar nan na ga Gwaggo. Na gan ta sarai, na wuce."

Ba ta daina juyawa ba sai da ta kai ƙarshen layin. Ta ciji zaren, ta ce, "Awo, mun sani."

Na ce, "Wa ya faɗa muku?"

Ta ce, "Ita. Tana shigowa jiƙe ta ce ɗan ƙawarta ya gan ta. Ta ce mai ne ya yi tsada, yaron yana da iyali. Ta hana kowa ya tayar maka da maganar, ta ce ko mai galan ba ta bari ya gane ba."

Ban san abin da na ce ba bayan wannan. Na dai tuna ta ce in tashi daga ƙasa, ta ce Gwaggo ba ta tafi da kowa a rai ba. Ta kira wata mata ta kawo mini ruwa, na riƙe kwanon ban sha ba.

Na fito na shiga mota na zauna, ban tayar ba. Awaki suna wucewa, wani yana sussukar gero a bayan danga. Haka na zauna har aka kira la'asar, wani dattijo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce in zan fita in fita yanzu, hanyar nan ba a bin ta da yamma. Ya kira mutum biyu suka tura ni.