Ranar da na kwashe wa Yaya Sale masu gadi

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, malamin tarihi da ya yi ritaya a Malumfashi ya dawo ƙauyenmu na wajen Kafur ya kama fartanya. Shekara biyar ke nan kuma da na daina shiga gidansa. Ina tsayawa a zaure in aika wa matarsa, Hajiya Binta, da gaisuwa, in juya. Akwai maganar da na kasa gaya mata.

Yaya yana da wata cuta da muke tsokanarsa da ita: yaƙin da mutanen Amurka suka yi da Ingila don neman 'yanci. Ko maganar tsadar taki ka kawo masa, sai ya bi da kai ta Saratoga, inda rundunar Ingila guda ta miƙa wuya. Mu da Funtuwa ce iyakar tafiyarmu, mun san Yorktown kamar garin kakanninmu. Ya kan ce yawancin mayaƙan nan manoma ne irinmu, kuma babban ciwon kan kwamandansu shi ne da amfanin gona ya nuna sai su saɓa bindiga su koma gida.

Wanda ya fi burge shi wani janar ne da ya yi yaƙi a wata makiyaya da ake kira Cowpens. Mutumin ya san manomi ba zai daɗe a gaban ƙwararren soja ba, sai ya ce kowa ya yi harbi biyu kawai ya ja da baya. Da wannan ya ci yaƙin. Yaya ya ce shugaba na gari ba ya tambayar mutane abin da ba su da shi.

Da 'yan bindiga suka matso yankinmu, sai dariyar ta ƙare. Yaya ne ya tsara mana gadi: kowane magidanci kwana biyu a mako a bakin hanyar rafi, mutum shida-shida, sauran kwanaki ya je gonarsa. Ni aka ba riƙon jerin sunayen. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada in taɓa masu gadi da kaka.

Na taɓa su. Masarata ta bushe, hadari yana haɗuwa, na kira gayya. A wurinmu wanda ya zo maka gayya bara, ba ka iya ƙin tasa bana, kuma huɗu cikin masu gadin ranar na yi musu aiki. Ban tilasta kowa ba, na dai tsaya a gabansu na faɗi ranar, na kuma san abin da nake yi. Aka bar Yaya da wani dattijo. Bayan azahar 'yan bindigar suka zo a kan babura. Harbin da Yaya ya yi ne ya sa mata da yara suka samu suka tsere cikin dawa. Dattijon ya tsira da rauni a cinya. Yaya kuwa a nan muka same shi.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonakin bayan rafi sun zama saura, gidaje da yawa sun koma Funtuwa haya. Ina jin zai ba mu labarin Valley Forge, inda sojojin Amurka suka yi sanyi guda ba takalma ba abincin kirki, amma ba su watse ba. Za mu yi tsaki, sannan mu ji sauƙi a ranmu. Tsarin gadinsa yana nan, ƙauyuka biyu sun ara. Tsoffin ɗalibansa kuma har yau suna zuwa gaisuwa.

Makon jiya na cire takalmi na shiga. Na durƙusa na gaya wa Hajiya Binta komai, ina kuka kamar ba mai jikoki ba. Ta bari sai da na gama.

Ta ce, "Malam Lawal, ai na sani. Da safen ranar ya shigo yana dariya, ya ce ka kwashe masa sojoji. Na ce ya hana mana. Ya ce masarar ƙaninsa ce, in ruwa ya dake ta me 'ya'yanka za su ci?"

Na kasa ɗaga kai. Ta gyara mayafinta ta ce, "Mutuwarsa daga Allah ce, na haƙura. Abin da ya yi mini ciwo, yaransa sun rasa uba, sai kuma ka sa suka rasa baffa."

Allah ya jiƙan Yaya Sale. Ƙaramar 'yarsa ce ta kawo mini ruwa ranar, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta juya ta tambayi uwarta ko wane ne baƙon.