Hatimi a Cikin Talabijin

Mu huɗu ne a falon ranar: ni, da babban ɗana mai aiki a sakatariya a Gumel, da matarsa, sai abokin aikinsa, wani Kirista mutumin Filato, wanda ya sayo abin a kasuwar Maigatari. Wata 'yar na'ura ce mai waya, a cusa mata kaset, a jona ta da talabijin. Gem suke ce mata.

Da aka kunna sai ga akwati baƙi a talabijin, ba kwaɗo ba makulli. A jikinsa an zana gidaje-gidaje, da tauraro, da ido, da ƙahon wata dabba. Ban taɓa shiga aji ba, amma na san hatimi in na gan shi. Irinsa na gani a cikin layar da aka taɓa binne mana a ƙofar gida. Na faɗa musu. Baƙon ya yi dariya, wai wasa ne kawai, Turawa suka yi. Na ce su ma Turawan ai suna da bokayensu.

Ana taɓa zanen ɗaya bayan ɗaya. In an dace akwatin ya buɗe, sai a tarar da wani ƙarami a ciki. Ba abin da ake samu sai wani akwatin, kuma shi ne ya riƙe su. Ɗana, wanda tun yana yaro ban taɓa tuna masa salla ba, aka kira la'asar yana zaune baki sake. Matarsa ta yi magana sau biyu, ya ce saura kaɗan.

Ni na zauna ne don in ga iyakar rashin ta-idon. Akwati na huɗu ya gagare su, suna ta maimaita kuskure ɗaya, ina kallo. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Kai, idon za ka fara taɓawa, sannan ƙahon. Ba ka gani ne?"

Ɗana ya taɓa, akwatin ya buɗe. Baƙon ya tafa hannu, ya ce, "Ashe Hajiya ce malamar!"

Sai a lokacin na leƙa tsakar gida, na ga rana ta yi ja. Ni ma ban yi la'asar ba.

Washegari, da ɗana ya fita aiki, na sa surukata ta zaro mini kaset ɗin. Na naɗe shi a tsumma, ban bari ya taɓa fatata ba, na jefa shi a masai, inda na jefa waccan layar.