Hoton da na juya wa bango

Na sallame la'asar ke nan maƙwabciyata 'yar Japan ta shigo flat ɗina a unguwar Whalley Range. Gabana ya faɗi. Hoton ɗan wasan gargajiyarsu na kabuki da ta ba ni, wanda aka buga a takarda da sassaƙaƙƙen katako, na juya fuskarsa bango saboda salla.

Na fara kame-kame: "Don Allah kada ki ji haushi."

Ta yi dariya, ta nuna bayan takardar. "Ai mu nan muke fara dubawa. Kin ga zagaye-zagayen nan? Shatin murzar mai bugawa ne, kowane launi da katakonsa."

Wallahi sai na saki baki. Ina kunyar ɓoye fuskar wani, ashe gumin wani na fito da shi. Ku fa, kun taɓa duba bayan abin da ya burge ku?