Kawu Zaharadden, Idon Mutanen Tudun Alhazai

Da an sallame sallar asuba, Kawu Zaharadden yakan fito daga lungunsu na unguwar Mahjar a Jidda da jakar leda mai ɗauke da burodin tamis da kwalbar shayi, ya tari motar da za ta kai shi bakin teku. Aikinsa kula da injin wani ƙaramin jirgin ruwa ne na masu bincike. Su sukan nutsa su duba murjani, su ƙirga ramukan da kunkurun teku ke binne ƙwai, shi kuwa yana can ƙasa cikin zafi da warin gas, kunnensa na kan injin kamar uwa mai sauraron numfashin jariri. A watan jiya ya ajiye aikin, gashinsa ya yi fari fat.

Wanda bai san tushen maganar ba zai ce makanike ne kawai ya yi ritaya. To, ga abin da ya sa dattawan unguwarmu suka yi jugum. Kakanninsu alhazai ne da jirginsu ya fashe a hanyar Sawakin zuwa Jidda, suka tsira a wani ɗan tsibiri, suka zauna suna kamun kifi, suka sa masa suna Tudun Alhazai. Da rijiyarsu ta koma gishiri sai mutanen tsibirin suka taso Jidda, Kawu yana ɗan saurayi. Daga baya hukuma ta killace tsibirin saboda kunkuru da tsuntsaye, ba mai taka shi sai masu bincike. Cikin duk mutanen da aka haifa a can, Kawu kaɗai Allah ya bar wa hanyar komawa.

Saboda haka duk ranar da jirgi ya dawo, bayan la'asar za ka ga an shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa. Ba ya gaggawa. Sai ya kurɓi shayi tukuna, sannan ya juya musu abin da ya ji masanan na faɗa zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane. Shekarar da murjani ya yi fari, ce musu ya yi: "Teku ce ke zazzaɓi. Daktora Lujain, shugabar masanan, ta ce in zafin ya sauka da wuri, zai farfaɗo." In an yi sabuwar doka kan kamun kifi, daga bakinsa masunta ke fara jin dalilinta. Daga nan sai tambayoyi su ɓarke. Itacen da ke bayan masallaci yana nan? Tsuntsayen nan masu jan ƙafa sun dawo? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, abin da bai gani ba ya ce bai gani ba.

Inna Tani, wadda ta girme shi nesa, ita ce mai tambaya ɗaya tak: kabarin mahaifiyarta, da ke layin farko ta gefen ruwa. Wata rana ta miƙo masa ƙyalle.

"Ɗan nan, cika min wannan da ƙasar kabarin Innata. Ko tafin hannu ne."

"Inna, mamnu'u ne, an hana. Ko bawon katantanwa ba a ɗauka."

"Kai da wa? Wa zai caje aljihun tsohon makanike?"

"Ba mai cajewa. Shi ya sa ba zan ɗauka ba."

"Halas, shi ke nan! Kunkuru ya fi mu gata. Ka je su yi maka addu'a ran da ka mutu."

Ta janye tabarmarta, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Waɗanda suke wurin sun ce Kawu bai ci abinci ba ranar. Amma bai ɗebo ƙasar ba.

Kawu, kai ne wanda aka ba amana biyu masu jan juna, ta dangi da ta aiki, ba ka sayar da ɗaya don ka sayi ɗaya ba. Gwani mai kunnen inji, da ka cika ƙyallen nan, da gobe wani ya kawo buhu, kuma da ƙofar ta rufe har a kanka.

Sai ga shekarar da masanan suka auna gaɓar tsibirin, suka ga ruwa na cinta ta arewa, daidai maƙabarta. Kawu ba mai yawan magana ba ne a jirgi, amma ranar ya hauro daga ɗakin inji, hannu duk baƙin mai, ya tsaya gaban shugabar tawagar.

"Ya daktora, duwatsun can da kuke aunawa, mutanenmu ne a ƙarƙashi. 'Ya'yansu na Mahjar, sun tsufa."

Daktora Lujain ta ce ita ba ta da ikon ba da izini, sai dai za ta sa maganar a rahotonta, kuma za ta rubuta cewa ga mutumin da zai tsaya musu, wanda a duk zamansu tare bai taɓa fita da ko tsakuwa ba. Takarda ta yi ta yawo ofis-ofis. Kafin amsa ta fito, wata iskar hunturu ta zo, teku ta haɗiye layin farko.

Da ya dawo daga tafiyar da ya ga hakan, ya je har ɗakin Inna Tani, ya durƙusa. Wasu sun ba shi shawara ya ce mata kabarin yana nan lafiya, tsohuwa ce, me za ta sani? Bai yarda ba. Ya faɗa mata. Sai kawai ta ce, "Ka sha shayi?"

Izinin ya fito ana saura kaɗan ya bar aiki: ziyara ta wuni ɗaya ga dattawa, bayan kunkuru sun gama ƙyanƙyasa. An ɗauka Inna Tani ba za ta je ba, tunda abin da za ta je gani ya tafi. Ita ce ta riga kowa zuwa bakin jirgi. "Yalla," ta ce, "ko sai na tura muku shi?"

A kan kujera aka sauke ta a tsibirin. Mutane suka watsu, kowa na neman nasa. Ita ta zauna a bakin ruwa tana duban inda babu komai sai shuɗi.

"Zaharadden, ina ne?"

Kawu ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan a hankali yana waiwayen itacen masallaci, har ruwa ya kai masa gwiwa. Ya tsaya.

"Nan ne, Inna."

Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu, ta yi wa mahaifiyarta sallama da ƙarfi, irin wadda ake yi a ƙofar gida. Shi kuwa bai motsa ba har ta shafa.

Yanzu Kawu na zaune a Mahjar, kuma an ce da asuba yakan fito ƙofar gida ya juya fuskarsa kudu, wajen tsibirin. Jirgin na ci gaba da zuwa, amma ba mai dawo wa dattawa da labari cikin harshensu. Ku 'ya'yanmu da kuka yi karatu, kuna jin Larabcin masana, kuna jin Hausar kakanninku ko da bakinku na tuntuɓe, ga gurbi nan a buɗe.

Kawu, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin da suka tsaya cikin ruwa domin wata.