Dattijon da ke Raba Sama Takwas

Tun da na dawo daga karatu, duk inda hasashen kwamfutata ya saɓa da rahoton tashar duba yanayi, rahoton nake zargi. Har na rubuta takardar neman a rufe tashar.

Yau ga ni a wurin. Wani dattijo siriri, gilashinsa ɗaure da zare, yana fitowa kowace awa. Yakan dafe hula, ya raba sama kashi takwas da hannu, ya rubuta kashi nawa gajimare ya lulluɓe. Da alama ya shekara talatin yana haka. Takardar tana jakata, kunya ta hana ni taɓa ta.

Na ce, "Baba, in kwamfuta ta ce yau babu gajimare fa?"

Ya ce, "Fito da ita waje, ɗana, ta ɗaga kai. Biyar ne cikin takwas."