Maraƙin da Ke Cikin Littafin Hotuna

A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, ina koyarwa a wata firamare a ƙauyukan Shanono. Daga ofishin ilimi aka aiko mana da wani littafi na hotuna zalla, babu rubutu ko kaɗan. Aka ce a zaunar da yaran Fulani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kalli hotunan ya ba da labarin da Hausa, sannan ya maimaita da Fillanci, a ga wanne ya fi zama a bakinsa. Ni aka ɗora wa aikin saboda mahaifiyata Bafulatana ce, ina jin harshen ko da ban iya mayarwa sosai ba.

Labarin ba wuya. Maraƙi ya ɓace, yaro ya bi sawunsa, ya same shi a bakin rafi, suka dawo gida.

A gindin darbejiya nake shimfiɗa tabarma. Yawancin yaran ba su karya ba, ni ma wata rana haka nake zuwa. Sai su nuna hoto su ce maraƙi, itace, ruwa, shi ke nan. In tambaya me ya faru bayan nan, su zuba mini ido. Kafin azahar muryata ta dushe.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku. Da Hausa ta kawo labarin tsaf, a gajarce, kamar mai biya karatu. Da muka koma Fillanci sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi launin maraƙin, ta ce uwarsa ba ta da nono don babu ciyawa, ta ce ba ɓata ya yi ba, babansu ne ya kora shi kasuwa. Da muka iso shafin ƙarshe ta ɗora tafin hannu a kan hoton.

"Malama, wannan wani maraƙin ne. Namu bai dawo ba."

Ƙa'idar ita ce a ba da maki ga wanda ya bi hotunan. Da Hausa ta bi su, da Fillanci ta kauce, alhali a nan ne ta yi magana sosai. Na rasa yadda zan yi. Da jami'in ofishin ilimi ya zo karɓar sakamakon yaran da na gama da su na gaya masa, ya saurara yana goge gumi, ya ce zai tambayi na sama. Ban sake jin maganar ba.

Bayan girbi rugar su yarinyar ta tashi, suka yi kudu da ragowar shanun. Washegari na ɗauki tabarma na kira yaron da ke biye.